Cigiyar Saniya Marar Inuwa

Ni dai ban iya faɗa wa mutum aibinsa ba. Kada wani ya yi mani kyakkyawan zato, ba kirki ba ne, bakina ne kawai ke nauyi. Tela ya taɓa ɗinka mani riga, hannu guda ya ɗara guda tsawo, na tsaya gabansa na ce wataƙila hannuwana ne ba su daidaita ba. Duk shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, jan bik ɗina bushewa ya yi da tawadarsa a ciki. Har gobe akwai magidanta a Dakoro, da gemu da iyali, masu zaton sun iya lissafi, kuma ni ne sanadi.

To irin wannan mutumin aka ɗauka aikin neman aibi.

Raliya ce ta jawo mani, ɗiyar ƙanwata, yarinyar a Yamai take zaune. Ita da wasu abokan karatunta suka haɗa wani wasa na salula, suka sa masa suna Burtali. Kai ne makiyayi. Damina ta faɗi, sai ka kora garkenka daga kudu zuwa arewa, ka shayar a rijiya, ka kauce wa gonakin mutane, ka isa da shanunka da ransu. Wato abin da mutanen ƙasar nan suke yi suna kuka, shi 'yan Yamai suka mayar abin nishaɗi. Suna neman masu gwaji a garuruwa, mutum ya yi ta bugawa yana gaya masu inda abin ya lalace, kafin su sake shi ga duniya. Raliya ta ce masu tana da kawu a Dakoro, ya yi karatu, kuma ba ya yin komai. Duka biyun gaskiya ne, amma da ta tsaya a na farkon.

Suka aiko da salula sabuwa fil cikin kwalinta, a hannun direban motar Maraɗi. Da yamma Raliya ta kira ta yi mani bayanin aikin.

"Kawu, aikinka shi ne ka ɓata shi. Inda aka ce ka bi dama, bi hagu. In ka ga garu, ka yi ta karo da shi. In ka ga rijiya, ka faɗa."

"Ke Raliya, uwarki ta san irin aikin da kika samo mani?"

"Ita ta ce a samo maka ko mine ne."

Na karɓa. Kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗi fiye da yadda ya kamaci mai furfura. Tun da na ajiye alli ba ni da wurin da zan ce zan tafi. Yanzu kuwa da safe sai in yi wanka, in sa hula, in zauna a zaure in ɗauki shanu in yi ta gwara su da garu har azahar. Maƙwabta in sun yi sallama, sai in ji matata Azara tana ce masu, "Mushe na buro," wato ni malam ina ofis. Ban taɓa gyara mata ba.

Wani lokaci takan leƙo.

"Mushe, yau ma garun ne?"

"Yau rijiya ce."

"Allah shi ba da sa'a. In ka hito, fura na nan."

Inda aka samu matsala shi ne wajen rahoto. Ta saƙon murya nake aikawa, kuma ba zan buɗe baki in faɗa wa ɗiyar ƙanwata aikinta ya lalace ba tun ban gaishe ta ba. Sai in gaishe ta, in gaida abokan aikinta, in tambayi zafin Yamai, in yaba yadda suka zana ƙahon shanu, sannan can ƙarshe in ce, "Akwai wani makiyayi da ya shiga rijiya bai fito ba, amma wataƙila yana da uzuri."

"Kawu," in ji ta, "faɗi abu kai tsaye. Aibi muke nema, ba albarka ba."

Na yi ƙoƙari. Akwai wani jaki da na tarar tsaye a ƙololuwar iccen gawo, yana kallon gabas, bai dami kowa ba. Na ce wa Raliya jakin nan yana da ƙoƙari, don ba kowane jaki ke hawa icce ba. Washegari suka aiko da gyara ta iska. Na buɗe wasan na nufi gawon, ina zaton zan tarar sun sauko da shi yana kiwo a gindi. Babu shi a sama, babu shi a ƙasa. Na zagaya iccen, na duba bayan rijiya, na kira Yamai.

"Ina jakin?"

"Mun goge shi, Kawu. Mun gode, irin wannan muke so."

"Kuka kai shi ina?"

"Babu ina. Babu shi ne kawai."

Ran nan furar ba ta shige ni ba. Na ga an yanka dabba, na ga an sayar, na ga fari ya kashe, amma a duka akan bar fata. Wannan ko fata babu. Jaki yana zamansa lafiya a kan icce, bakina da bai saba magana ba ya yi magana sau ɗaya, aka shafe shi daga doron ƙasa.

Ba a daɗe ba sai ga saniyar.

Da hantsi ne, na kai garkena rijiya, sai na ga wata a tsakiyarsu da ba tawa ba. Nawa jajaye ne masu dogon ƙaho, irin na Bararoji. Ita kuwa baƙa da fari ce, dabbare-dabbare, kamar wadda ake zanawa a jikin gwangwanin madara. Da na kora garken sai ta bi hanya da baya, fuskarta na arewa, ƙafafunta na kai ta kudu. Na ƙara dubawa. Kowace saniya da inuwarta a ƙasa, har guga yana da tasa. Ita babu.

Na san aikina. Na ma ɗora yatsa a kan wurin ɗaukar murya. Sai na tuna da jakin. Na ce bari dai in fara nuna wa mutane.

Bayan la'asar muna da fada a gindin bedi, iccen da wasu ke kira dogon yaro, kusa da masallacin unguwa, inda ake dafa shayi ana gyara duniya. Rhissa ba ya fashi. Dillali ne a kasuwar bisashe, mutumin Tagriss, rawaninsa har hanci, kuma bai taɓa yarda cewa Bahaushe ya san wani abu game da saniya ba in ba nononta cikin fura. Na miƙa masa salular. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya kanne ido.

"Buɗe mata baki in ga haƙora."

"Ba a buɗewa."

"To ɗaga wutsiya."

"Rhissa, wasa ne."

"Wasa ne wurinka." Ya sa yatsu biyu ya ware hoton har cinyarta ta cika gilashin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya duba kunne. "Ba shaidar wuta, ba tsaga. Mushe, wagga ba ta ƙasarmu ba ce. Ɓatacciya ce. Ta sha tahiya, dubi idonta."

"Kuskure ne na masu wasan. Aikina in gaya masu su gyara."

"Su gyara yaya?"

Na ba su labarin jakin. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Malam Zakariya'u, limamin masallacin, wanda ke gefe yana jan carbi, ya gyara zama.

"Mushe Harouna, kai ka kira ta?"

"A'a, Malam."

"Ita ta shigo garkenka da ƙafarta?"

"Da baya ta shigo, amma i."

"To tsintuwa ce, tsintuwa kuwa amana ce. Haka muka tarar, haka ake yi daga nan har Tagriss. Ka ci da ita, ka shayar da ita, ba sayarwa, ba yankawa. Ka yi cigiya. Wanda ya zo ya faɗi kamanninta tun bai gan ta ba, tashi ce. Amma ka ɗauki dabbar mutane ka miƙa wa masu shafewa? Ranar da mai ita ya zo, mi za ka ce mashi?"

"Malam, ba ta da inuwa fa."

"Inuwa ba ta cikin sharaɗi."

Ban yi musu ba. Mutum ya yi shekaru yana fama da nauyin baki, yau liman ya ce masa yin shirun ne daidai, ai ba ya neman ƙarin bayani.

Ranar kasuwa aka ba mai shela. Ya ratsa ta wajen raƙuma, ya bi ta wajen awaki, yana cewa an tsinci saniya a cikin salular Mushe Harouna, mai ita ya zo ya faɗi kama. Rhissa ya kai kominike gidan rediyon gari, aka karanta shi tsakanin sanarwar rasuwa da ta allurar rigakafin bisashe. Ya kuma ba masu motar arewa saƙo su faɗa a rijiyoyi. Babu wanda ya yi dariya. Mutumin da ya taɓa ɓatar da dabba ba ya tambayar inda aka tsince ta, gode wa Allah yake yi da aka yi cigiya.

Zaurena ya zama kasuwa. Rhissa ya naɗa kansa mai gadi, yana zaune bakin ƙofa, kowa ya zo sai ya faɗi kama kafin a nuna masa. Wani ya ce tasa fara ce mai karyayyen ƙaho. Wata tsohuwa ta ce tata tunkiya ce, amma a duba mata ko tana ciki, tunda an ce abubuwa na shiga.

Wanda ya fi ba mu aiki shi ne Arzika, wani manomi daga Sabon Maci. Ya zo a kan moto, ya sauka da igiya a hannu.

"Ja ce," in ji shi, "mai farin goshi. Shekarar da ruwa ya yi gardama ta ɓace mani."

"Ba ita ba ce," in ji Rhissa. "Sauka lafiya."

"Ku dai nuna mani."

Na nuna masa, don ban iya hana mutum ba. Ya daɗe yana kallo, sai idonsa ya kawo ruwa.

"Ita ce."

"Kai ka ce ja!"

"Wahala ce. Kai Rhissa, in ka ɓace tsawon wannan lokaci, da wane launi za ka komo?"

Aka ɗauki magana zuwa gindin bedi. Malam Zakariya'u ya ce tunda kama ta saɓa, a gwada da kira, dabba ba ta mance muryar mai ita. Na aza salular a kan tabarma, mutane suka yi da'ira. Arzika ya durƙusa, ya kai baki kusa da gilashin, ya yi mata irin kiran da yake yi mata a gida. Sai saniyar ta motsa. Ta juyo ta dube shi, ta fara tafiya tana nisa da shi.

"Ta guje shi!" in ji Rhissa.

"Wurina take tahowa!" in ji Arzika. "Ba kun ce da baya take tahiya ba? Nufinta ta zo, ƙafa ce ke kai ta can!"

Fada ta rabu biyu. Masu cewa a bi fuska, da masu cewa a bi ƙafa. Malam ya ce a al'amarin mutane niyya ake dubawa, amma bai taɓa cin karo da inda aka yi maganar niyyar saniya ba, a ba shi lokaci. Ana cikin haka ba wanda ya lura da inda ta nufa. Sai da mai shayi ya yi salati muka duba. Ta ratsa shinge kamar babu shi, ta shige gonar hatsi da baya, tana tsakiya, zangarniya na kwantawa.

Akwai mai gonar a cikin wasan, wani ɗan tsamurmurin mutum da malfa, kullum yana tsaye a bakin gonarsa. Magana ɗaya 'yan Yamai suka koya masa. Ya dubi saniyar tana tattake masa abincin shekara, ya ce, "Sannu da zuwa, makiyayi."

"Allahu akbar," in ji Malam. "Kun ga haƙuri."

Rhissa ya miƙe tsaye. "Ba a saki gonaki ba! Hatsi na tsaye! Wagga ɓarna ce, kuma kowa ya sani, mai dabba shi ke biya." Ya juya ya dubi Arzika. Kowa ya juya ya dubi Arzika.

Arzika ya ƙara leƙa gilashin, ya naɗe igiyarsa a hankali.

"Yanzu da na duba da kyau," in ji shi, "tawa ba ta da wannan halin."

Muka ji tashin motonsa. Saniya ta zauna a hannuna, ɓarnar ma haka. Kullum in na wuce ta gonar sai in tsaya in ba mai malfa haƙuri, shi kuma ya ce mani sannu da zuwa. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Riƙon amana ba wasa ba ne, ko a cikin wasa. In na kora garke arewa sai ta yi kudu. In na juya su kudu don mu bi ta, sai ta yi arewa. Hanyar da za mu zauna tare ɗaya ce, kada kowa ya motsa. Sai muka yada zango a rijiya guda. Damina ta wuce mu, ciyawar wurin ta ƙare, shanuna jajaye suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, wasan ya rubuta a sama cewa ba a taɓa makiyayi irina ba, kuma ba yabo yake nufi ba. Na daina karo da garu, na daina faɗawa rijiya, don in na mutu wa zai shayar da ita? Ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da rana tsaka na taka har bakin tasha wurin mai sharji, na zauna gadin salula kamar mai jinya.

Na dawo na tarar da Azara a tsakar gida, hannu a ƙugu, akuyarta na kuka a turke.

"Mushe, na ce ka ba akuyar nan ruwa kafin ka hita."

"Na sha'afa. Batir ne ya kusa..."

"Akuyata mai inuwa. Mai nono. Wadda in ta yi kashi ana ganinshi. Ita ce ke kwana da ƙishi, don wata baƙuwa da ko taki ba ta yi?"

"Amana ce, Azara."

"Ni ma da ubana ya ba ka, amana ya ce."

Na ɗauki bokiti.

Duk wannan lokacin Raliya na kira. Rahotannina sun koma gaisuwa zalla, ta kuma lura.

"Kawu, tsakaninka da Allah, ba ka ga komai ba?"

"Na ga wani gajimare da ya yi kama da tulu. Ban sani ba ko da gangan ne."

"Cikin garke nake nufi. Babu wani abu baƙo?"

"Ya jikin uwarki, Raliya?"

"Kawu, gidan Inna na bayan naka."

Ta sauke murya.

"Ka ji, patron ɗinmu, shugaban aikin, ya ce duk mai gwajin da ba ya ganin aibi a sallame shi. Ranar Juma'a zai saurari rahoton kowa. Don Allah ka duba da kyau. Ni na kawo ka, kada ka ba ni kunya."

To ga inda aka tsaya. In na faɗa, aikina ya tsira, saniya ta bi jaki. In na yi shiru, saniya ta tsira, ni kuma in koma mutumin da ba shi da wurin zuwa, Azara ta daina cewa ina buro. Na kai maganar fada. Rhissa ya ce a Tagriss mutum ya gwammace ya rasa raƙuminsa da a ce tsintuwa ta salwanta a hannunsa. Na ce masa a Tagriss babu patron. Malam ya ce arziki na Allah ne. Azara ta ce in faɗa masu, in kuma ina jin kunya in ba ta salular ita ta faɗa, har da ƙari.

Ranar Juma'a da safe na yi wanka, na sa hula, na zauna a zaure. Na yanke shawara irin ta masu hankali: mutum ba ya zubar da aiki saboda zanen saniya. Na danna wurin ɗaukar murya. Na gaida Raliya, na gaida patron, na tambayi zafin Yamai. Na ce, "Akwai wata..."

Sai saniyar ta motsa. Abin da ban gaya maku ba game da dabbar da ke tafiya da baya shi ne, ko barinka za ta yi, idonta na kanka. Tana ja, tana kallona, tana ƙanƙancewa.

"...wata rijiya," na ce, "da gugarta ta yi kyau ƙwarai. A gaida wanda ya zana."

Na aika.

Bayan la'asar muna gindin bedi sai salular ta yi ƙara. Raliya ce.

"Kawu, kana fada? Buɗe murya kowa ya ji. Ina son Malam ya ji."

Na buɗe, na aza a tabarma.

"Yanzu muka yi magana da Inna. Ta ce an daɗe ana cigiyar saniya a rediyo. Wai a cikin salularka aka tsince ta."

Na dubi reshen bedi kamar yau na fara ganinsa. Malam Zakariya'u ne ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, in kina da magana a kanta, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Faɗi kama."

"Baƙa da fari ce, Malam. Da baya take tafiya. Ba ta da inuwa."

"Wannan duk gari ya ji," in ji Rhissa. "Ko Arzika ya sani."

"To ku juya ta ku duba ƙarƙashin cikinta. Akwai ɗan jan tauraro kusa da hantsa."

Rhissa ya ɗauki salular, ya sa yatsu ya karkata ta, ya ware. Ya daɗe. Sannan ya sauke rawaninsa daga hanci, abin da ban taɓa ganin ya yi a bainar jama'a ba.

"Wallahi ga shi."

"Mai ita ta bayyana," in ji Malam.

"Ni na saka ta da hannuna," in ji Raliya. "Kowane mai gwaji mun saka mashi ita, don mu gane wanda ke kallo da wanda ke barci. Da gangan muka yi ta yadda ko makaho zai gani. Mai gwajinmu na Tawa ya faɗa tun shayinshi bai huce ba. Ta Damagaram ma haka."

"Nasu fa," in ji Rhissa, "suna ina?"

"An goge."

"Duka?"

"Duka."

"Inna lillahi. Garke guda."

"Kawu," ta ci gaba, muryarta tsakanin dariya da kuka, "kun yi shela a kasuwa, kun yi a rediyo, an ce har rijiyoyin arewa an kai labari. Ni da ke kiranka kullum ina tambaya, ni kaɗai ce ba ka gaya wa ba."

"Na ga kamar aiki ya yi maki yawa."

Ta ja numfashi. "Patron ya ce a yi maka godiya."

Duk wanda ya taɓa aiki ya san irin wannan godiyar. Mai shayi ya miƙo mani kofi ba layina ba ne. Na riƙe shi, na ji wani abu yana tasowa daga cikina, abin da tela bai samu ba, abin da ɗaliban lakwal ba su samu ba.

"Raliya."

"Na'am, Kawu."

"Abin da kuka yi wa jakin nan bai yi kyau ba."

Kai tsaye, ba gaisuwa, ba yabo. Aibi na farko da na taɓa faɗa wa mutum a rayuwata, kuma sai da aka sallame ni daga aikin faɗin aibi ya fito. Fada ta dube ni kamar bedin ne ya yi magana.

"Kuma wagga," na ce, tunda bakin ya buɗe, "taki ce, Malam ya yanke. Amma ta sha ruwa a hannuna. Kada ki goge ta."

Sai ta fashe da dariya, har muna jin wasu na taya ta a can Yamai. Da ta lafa ta ce, "Kawu, na ba ka ita. Halak malak. Ba mai taɓa ta."

"Kun ji?" in ji Malam. "Ku shaida."

"Mun shaida!"

Aka shafa fatiha. Rhissa ya kama hannuna ya girgiza, ya ce daga yau ya daina kirana Bahaushe marar saniya, kuma in ta haihu shi ne dillali. Malam ya ce a kai kominike rediyo a janye cigiya. Wani ya ce a aika wa Arzika, don ya san an rufe magana, ɓarnar gona kuma yanzu tawa ce ni kaɗai.

Na taka zuwa gida a hankali, salula a aljihun gaba, wajen zuciya. Ina tafe ina tunani irin na manya. Aiki ai riga ce, yau a jikinka gobe a jikin wani. Amma a ce dabba ta shigo hannunka ba ka san mai ita ba, ka rasa abincinka a kanta, ka riƙe ta har mai ita ta bayyana, ta kuma dube ka ta ce ka cancanta, wannan ba kowa ke samu ba. Kakannina manoma ne, ubana ɗan kasuwa, ni malamin lakwal. A zuriyarmu kaf ni ne na fara mallakar saniya, kuma ban saya ba, hali ne ya ba ni. Na ma fara tunanin sunan da zan sa mata.

Azara na tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya a gabanta na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"To yanzu in maƙwabta sun yi sallama in ce kana ina?"

"Ki ce ina wurin kiwo."

Salular kuwa ta 'yan Yamai ce. Da safe direban motar Maraɗi ya zo ya karɓe ta, har da kwalin.